Wane Ne Mai Dabara?

Idan manomin Kalgo ya je ɗaure dami ya tarar igiya ta ƙare, ba ya zama yana zargin ƙaddara. Sai ya nufi itacen kalgo, ya saɓe ɓawonsa ya ɗaure kayansa. Irin wannan mutum, wanda ke kallon abin da ke gabansa ya san yadda zai yi da shi, shi Bahaushe ke kira mai dabara.

Kalmar aro ce daga Larabci, danginta ɗaya da tadbiri, wato duban ƙarshen al'amari tun kafin a shige shi. Shi ya sa ake cewa dabara ta rage wa mai shiga rijiya: igiya da tsani ba su wadatar ba, sai ya san yadda zai fito. A nan ta rabu da wayo. Gizo na tatsuniya wayo gare shi, domin cikinsa kawai yake gani, ƙarshensa kuwa sau da yawa kunya.

To, amma yau mun fara sauya wa kalmar riga. Ɗalibi ya shiga jarrabawa da takarda a aljihu, sai a ce ya yi dabara. Ma'aikaci ya karkatar da kuɗin jama'a, a ce ai ya iya dabara. Ashe ba mu ba ɓarna sunan yabo ba?

Mu dubi Gwandu. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a a Sakkwato, ba Malam Abdullahi ba, alhali shi ne ƙanin Shehu kuma baffan Bello. Zukata suka yi tsami. Amma da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Abdullahi, Bello ya taho da runduna ya taimake shi, bayan nasara kuma baffa ya yi wa ɗansa mubaya'a. Kowannensu ya hango inda rabuwa za ta kai jama'a, ya danne zuciyarsa. Wannan ita ce dabara ta asali.

Mu marubuta, kalmomi amana ne a hannunmu. In muka kira mazambaci mai dabara a littattafanmu, yaran da ke karantawa za su taso ba su da sunan da za su kira mutumin kirki mai iya aiki. Mu ajiye wa kowa sunansa. Allah Ya sa mu dace.