Ruwan Kowa, Dokar Wa?

Duk mai riƙe da wayar Android yana cin moriyar aikin gayya, ko bai sani ba. Ginshiƙin manhajar wayar shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, ya bar shi a buɗe: kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ƙara nasa. Dubban mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ne suka gina shi. Amma a Satumban 2018, Torvalds ya nemi afuwa kan kaushin harshensa ga abokan aiki, ya janye na kusan wata guda, aka kuma kafa wa masu aikin dokar zaman tare. Wasu suka yi tsalle suka dire, suka ce ina ruwan aiki da ladabi, in dai aikin ya yi kyau?

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ruwan madatsar Bakolori na kowa ne, amma magudana tana da farko tana da ƙarshe. In mai gonar farko ya tare ruwa don shinkafarsa ta ƙoshi, na ƙarshe sai ya zuba wa tasa ido tana bushewa. Ba lalle ya yi faɗa ba. Baɗi kawai ba zai noma ba. Haka yake a aikin manhaja. Ƙwararre mai zagi ana ganin abin da ya kawo, amma ba a ganin ɗalibar da ta yi tambaya sau ɗaya, aka gwale ta, ta tafi ba ta dawo ba. Inda babu doka, akwai doka: ta mai ƙarfin murya.

To amma doka ma tana iya zama zalunci. An gina Bakolori ne da sunan ci gaban manoma, sai dai ba a zauna da su ba kan batun gonakinsu da diyyarsu. Da suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka. Tsarin da aka sauko da shi daga sama, komai kyansa a takarda, wanda aka ɗora wa kansa yake ji kamar dutse.

Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da ke raba ruwan noma da makiyaya da dazuzzuka. Ta gano cewa waɗanda suka ɗore su ne inda masu amfani da abin suke da hannu wajen tsara dokar, hukunci kuma yake hawa-hawa: jan kunne tukuna, sannan tara, kora sai a ƙarshe. Sarkin noma ya san wannan tun kafin a rubuta shi.

Don haka, in matasanmu na Kwalejin Abdu Gusau ko masu rubutu a Wikipedia ta Hausa suka zauna tsara wa kansu ƙa'ida, kada su tsaya ga kwafo ta wasu. Su tambayi sabon shiga abin da ke hana shi magana. Su fayyace wanda za a kai wa ƙara, da wanda za a kai shi ƙara in shi ya yi laifi. Dokar da ta tsallake gwani ta kama koyo, ba ta kai ruwa gonar ƙarshe ba.