Kunnen Maƙwabci

Akwai wata magana da muke yawan faɗa a ƙasar Hausa, wai tsakanin miji da mata sai Allah. Ban ƙi ta gaba ɗaya ba. In nufinta kada a riƙa kai gulma ana kashe aure, to, gaskiya ce. Amma a garinmu Falgore, cikin ƙaramar hukumar Rogo, da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye, na lura an fi jawo ta lokacin da ake jin ƙarar duka da kukan mace ta bayan danga, maza kuwa suna zaune a ƙofar gida kowa ya sunkuyar da kai. Tambayar da nake so mu duba ita ce, wanda ya ji kukan nan ya yi shiru, yana da laifi ko ba shi da shi?

Masu cewa ba shi da laifi suna da hujjarsu. Sun ce gidan mutum sirrinsa ne, kuma mai shiga faɗan ma'aurata shi ke jin kunya, don gobe za su shirya su bar shi da baƙin jini. Sukan ƙara da cewa ai matar tana da iyaye, in abin ya ishe ta ta san hanyar yaji. To, mu bi ta gidan nasu mu gani. Ta isa da kumburarren ido, uwa ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, mu ma haka muka zauna." Uba yana lissafin bakin da ya ƙaru masa kafin kaka. Bayan kwana uku 'yan biko su zo da goro a mayar da ita, ba wanda ya tuhumi mijin, balle a gindaya masa sharaɗi. Haƙurin nan da ake ta yabo, kullum mutum ɗaya ake ɗora wa shi.

Dokar gwamnati ba ta taimaka mata sosai ba. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 55 ya bar wa miji ƙofar horon matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta karɓe ta, kuma har zuwa 2023 Kano ba ta karɓa ba.

Sai dai ni abin da ya fi jan hankalina yana cikin littattafan da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da su. A mazhabar Malikiyya, macen da mijinta ke cutarwa tana iya kai ƙara, in cutar ta tabbata alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Yaya cutar ke tabbata? Tuhfa, littafin Ibn Asim na Andalus, ya nuna cewa tana tabbata da shaidu, ko kuma da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta. Malamai sun ce ma in ta yi ta kawo kuka ba shaida, alƙali ya zaunar da su tsakanin mutanen kirki don su zama idonsa da kunnensa. Watau shari'a ta ɗauki kunnen maƙwabci a matsayin hujja. Saboda haka wanda ya ji ya ce bai ji ba, ya ɓatar da hujjar matar nan ke nan, ya tura ta hul'i, ta sayar da akuyarta ko gadonta ta fanshi kanta daga wanda ya karya mata haƙori. A ganina wannan laifi ne, ko da bai ɗaga hannu ba.

A watan Disamba na 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ba da labarin binciken da ya yi a kotunan shari'a 9 na Kano, inda ya tarar da matan da aka karya wa gaɓoɓi aka zubar wa haƙora. Ya ce yakan gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama. An yi ta cece-kuce a kai. Ni dai abin da na gani shi ne, 'yar sarki tana da fada a bayanta, 'yar manomi a Falgore kuwa maƙwabta kawai gare ta, kuma in ta rama Allah kaɗai ya san inda daren zai ƙare.

Ba cewa nake a haura katanga da sanda ba. Sallama da ƙarfi a ƙofar gida takan tsayar da hannu. Washegari a tafi wurin liman ko mai unguwa, in bai ji ba a kai ga dagaci. Ranar da aka je gaban alƙali kuma a faɗi abin da aka ji, da daren da aka ji shi. Na san abin yana da tsada. Mijin nan wataƙila kawunka ne, ko shi ke ba ka bashin taki da damina, kuma zai iya shekara bai amsa gaisuwarka ba a masallaci.