Ina Za A Saka Jimina?

Darasin farko na mai koyon Java ko Python kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za a ce masa ya rubuta aji, wato bayanin wani irin abu gaba ɗayansa, sannan ya riƙa fitar da ɗaiɗaikun abubuwa daga ciki. Ajin Tsuntsu yana da baki da fukafukai, yana kuma tashi sama. Daga shi ake samar da wannan tattabarar da waccan ungulun, kowace da launinta da nauyinta. Ɗalibi kan ɗauka ƙa'idar na'ura ce zai haddace ya wuce, alhali an jefa shi tsakiyar gardamar da ta haura shekara 2,000 ana tafkawa: shin "tsuntsu" wani abu ne mai samuwa da kansa, ko kuwa tsuntsaye ne kawai ake da su, mutane suka haɗa su a suna ɗaya?

Aflatun na ganin siffar asali ita ce gaskiya, abin da ido ke gani kwafinta ne mai tawaya. Almajirinsa Aristotal ya ƙi, ya ce siffar na zaune ne a jikin ɗaiɗaikun abubuwa, ba a wata duniya ta daban ba. Muhawarar ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Wanda ya sauke Sullam, waƙen manɗiƙi na Abdurrahman al-Akhdari, malamin nan na Aljeriya mai littafin Ahalari, ya san jinsi da nau'i da fasali: dabba jinsi ce, mutum nau'i ne a ƙarƙashinta, hankali kuma shi ya raba shi da doki. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta littafi sukutum yana sukar masu manɗiƙi, yana cewa irin waɗannan jimlatattun ma'anoni a cikin kai kawai suke, a waje babu komai sai wannan mutumin da wancan dokin.

Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ba falsafa suka zauna yi a Oslo ba. Hanyar kwaikwayon al'amura irin su layin jira a kwamfuta suke nema, sai yarensu Simula 67 ya zo da aji da gado: ƙaramin aji ya gaji dukkan halayen babba, ya ƙara nasa. Tsanin jinsi da nau'i ke nan, an mayar da shi umarni ga na'ura. C++ da Java duk daga nan suka sha.

Matsalar takan fito ne tun ba a je ko'ina ba. Ɗalibi ya rubuta Tsuntsu, ya saka masa aikin tashi. Ya rubuta Shaho, ya gada, lafiya lau. Sai ya zo kan Jimina. Kowa ya san tsuntsuwa ce, tana da gashi, tana ƙwai, amma da ya danna maɓalli sai ga allo na shaida masa cewa jimina ta tashi sama. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, abin da aka gaya mata ta bi. Ya goge tashi daga Tsuntsu, shaho ya rasa. Ya bar shi, ya sa jimina ta riƙa ƙin umarnin, sai ya karya ƙa'idar da Barbara Liskov ta gabatar a 1987, cewa duk inda ake jiran babban aji, dole ƙaramin ya iya tsayawa a wurin ba tare da shirin ya rikice ba.

A nan ra'ayin Ibnu Taimiyya ya fi amfanar mai koyo. Mai koyon ba gano ajin ya yi a cikin halitta ba, yanka shi ya yi daidai da buƙatarsa. In manhajar gonar kiwo yake rubutawa, jimina da kaza gida ɗaya ne, abin lura shi ne abinci da ƙwai da rigakafi, ba a ko ambaton tashi. In ta filin jirgin sama ce mai lura da tsuntsayen da ke karo da injin, jimina ba ta ma cikin lissafi. Littattafan koyarwa da yawa sun gaza a wannan wuri, domin suna nuna bishiyar dabbobi kamar ita kaɗai ce rabon da zai yiwu.

Su kansu masu ƙirƙirar yarukan ba su daidaita ba. Alan Kay, jagoran yaren Smalltalk a shekarun 1970, ya sha nanata cewa saƙon da abubuwa ke aika wa juna ne jigon tunaninsa, ba jerin azuzuwa ba. A 1987 David Ungar da Randall Smith suka fito da Self, yaren da babu aji a cikinsa sam: in ana son sabon abu, sai a kwafi wanda ke akwai a gyara shi. Brendan Eich ya ɗauki wannan hanya a JavaScript a 1995. Sai a 2015 aka ƙara wa yaren salon rubuta aji, don sauƙaƙa wa waɗanda suka saba da Java, amma a ƙarƙashinsa har yau abu daga abu yake gado.