Rufin Asiri Ko Algus?

Da aka fara shirin jeren ƙanwata, Inna ta sa aka sauko da kuloli uku na abinci da ke saman sif tun bikin yayarmu. Lafiyarsu ƙalau, ko tsaga babu, sai dai farar robar ta dafe ta koma ruwan ɗorawa. Muka wanke da omo, muka dirza da toka da lemon tsami har hannuna ya yi kanta, ko gezau.

Ashe, 'yar uwa, ba datti ba ne balle ya fita. Hasken rana da zafi da iska su ne ke cin fatar robar a hankali har launinta ya juye, shi ya sa za ki ga fanka da makunnin lantarki da murfin firij duk sun rine alhali kullum ana goge su. Maganin kuwa haidirojin faroksayid ne, ruwan nan mai kumfa da ake saye a kemis don wanke ciwo. Na kemis kashi 3 ne ko 6 cikin ɗari, mai kauri da masu gyaran gashi ke haɗawa da rini yana kai kashi 12. A 2008 wasu masu tara tsofaffin kwamfutoci a Turai suka yaɗa dabarar, har suka raɗa mata suna Retr0bright.

Na sa safar hannu, na kori yara, na shafe bayan kulolin kaɗai ban da cikin da abinci ke taɓawa, na naɗe su da farar leda don kada maganin ya bushe ya bar dabbare-dabbare, na shanya a tsakar gida ina jujjuyawa. Ikon Allah! Ranar da ta ɓata su ita ce ta gyara su. Kafin la'asar sun yi fari tas.

To amma akwai magana. Farin nan a sama ya tsaya, shekarun robar suna nan yadda suke, kuma bayan watanni ko 'yan shekaru rawayar takan dawo ko da a ɗaki mai duhu aka ajiye.

Inna ta ce wannan rufin asiri ne, ni ma na yarda, don na san yadda dangin miji ke shiga ɗakin amarya da ido kamar masu ƙidaya. Sai ga dillaliyar unguwarmu ta leƙo ta gani, ta riƙe baki ta ce, "'Yar nan, koya mini, in riƙa sayar da na hannu a kuɗin sabo." Na ce, "Haba Iya, ai wannan algus ne." Ta yi dariya ta ce, "To ku da za ku jera wa 'yan ganin ɗaki fa, wa'azi za ku yi musu?"

Wallahi maganar ta tsaya mini a maƙoshi. Na kwana ina ba kaina amsa: mai kallo bai yi asarar ko kwabo ba, amarya kuma ta san asalin kayanta, ita kuwa mai saye adashinta za ta kwasa ta biya kuɗin ƙuruciyar da babu ita. Har gobe ina kan wannan, kuma ban koya wa Iya ba.

Sai dai ranar jere wata gwaggon ango ta ɗaga babbar kular tana shafawa, ta ce, "Kai, masha Allah, waɗannan a ina kuka sayo su?" Ɗaki ya yi tsit, Inna ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki na ce, "Kasuwar Sabon Gari, Gwaggo." Kuma can ɗin aka saye su, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban dai faɗi shekarun ba. Ta ajiye kular tana sa albarka, ni kuwa na fita tsakar gida na rasa abin da na fito ɗauka.