Kilishi Ba Ya Komawa Ɗanye

A Area 1 da ke Garki na tsaya ina kallon wani mai kilishi. Ya fere tsokar nan siriri har kana hango yatsunsa ta bayanta, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, sannan wuta. Abin da ya fito ba nauyi, ba ya saurin lalacewa, a naɗe shi a takarda a kai shi har Landan. Amma ka ce ya rage maka yaji a wanda ya riga ya gasu, dariya zai yi maka. Ana gyara ne tun nama na ɗanye.

Ɗan yayata da ke Kubwa ne ya faɗo mini a rai. Shi da abokinsa suna haɗa wasan waya, sai suka adana taswirorin wasan a dunƙulallen fayil irin wanda na'ura kaɗai ke karantawa, wai ya fi saurin buɗewa. Gaskiya ne, ya fi. Ranar da kowannensu ya taɓa taswira ɗaya a kwamfutarsa, manhajar Git ta kasa haɗa gyare-gyaren biyu, dole aikin mako guda na mutum ɗaya ya bi ruwa. Sun gasa naman tun ba su gama sa labu ba.

Injin Godot da suke amfani da shi ya tanadi hanya biyu: fayil ɗin .tscn rubutu ne da ɗan Adam zai buɗe ya ga layin da aka canja, .scn kuwa dunƙule ne, kuma injin na iya juya na farkon zuwa na biyun ranar fitar da wasa. Haka tsarin glTF na siffofi, wanda ƙungiyar Khronos ta fitar da zubinsa na biyu a 2017, yake da dunƙulallen ƙaninsa glb. Tun 1993 ma masu ƙera wasan Doom suka ware kayan wasansu a fayilolin WAD, nesa da injinsa, shi ya sa har yau 'yan sha'awa ke ƙera masa sababbin matakai.

Yanzu yaran suna aiki da .tscn, maganganun 'yan wasa kuma a fayil ɗin rubutu na JSON. Na dai roƙe su abu ɗaya: su adana shi da tsarin haruffa na UTF-8, don na gaji da ganin ƙ da ɗ sun rikiɗe sun zama alamar tambaya.