A Kori Mutum Kafin A Ji Ta Bakinsa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi arewa, ya wuce Mai'aduwa har ya kai Kwangwalam, ya san wurin da a ke tsai da mota a tambayi kowa takardunsa. Nan ce iyakar Nijeriya da Nijar. Mutanen da ke ƙetaren iyakar kuwa Hausawa ne kamar na Daura, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, da auratayya tun kaka da kakanni. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin nan a kan takarda a 1904 da 1906, ba su kuwa tambayi manomi ko makiyayi ba. Saboda haka a ƙasar Daura, daga Zango har Baure, da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a wancan gefe.

Tun da ya ke haka zamanmu ya ke, akwai tambayar da ta wajaba mu yi tunani a kanta tun ba ta ƙwanƙwasa ƙofarmu ba. Idan Gwamnati ta ce wane baƙo ne, ya fita daga ƙasa, daidai ne a tasa ƙeyarsa nan take, ko kuwa sai an kai shi gaban alƙali an ji ta bakinsa tukuna?

Labarin Shugaba Darman

Amsa mafi bayyana da kotunan ƙasarmu suka ba wannan tambaya daga Barno ta fito, wadda ita ma ƙasar bakin iyaka ce kamar tamu. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokoki ta Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, watau ba ta masu mulkin Tarayya ba. Ran 24 ga Janairu 1980 ma'aikatan shige da fice suka zo gidansa a Maiduguri da takardar kora wadda Ministan Harkokin Cikin Gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa wa hannu. Suka ɗauke shi, suka ƙetare iyaka da shi, suka bar shi a ƙasar Cadi. Dalilin da aka bayar shi ne wai ubansa mutumin Cadi ne, shi kuma haɗari ne ga zaman lafiyar ƙasa. Ba a kai shi gaban kowane alƙali ba kafin a yi masa wannan.

Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Kotu ta saurari shaidu, ta duba Tsarin Mulki na 1979. Tsarin Mulkin ya nuna wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun mulkin kai, in ubansa ko uwarsa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan asalin wata al'ummar ƙasar ne, to, shi ɗan ƙasa ne. Ya kuma hana a kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Uwar Shugaba 'yar ƙasa ce. Sai kotu ta soke takardar korar, ta yanke a biya shi diyyar Naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, amma a 1982 kotun can ma ta tabbatar da cewa Shugaba ɗan Nijeriya ne.

Mu lura da abu guda a cikin labarin nan. Shaidar da ta wanke Shugaba tana nan a Maiduguri tun ranar da aka kama shi. Da an tambaye shi da safe, da ya nuna ta kafin azahar. Abin da ya ɓace kawai shi ne wanda zai saurara.

Waɗanda ba su ga alƙali ba

Shugaba babban mutum ne, yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Talaka fa? Ran 17 ga Janairu 1983 Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba dukan baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana, sauran kuwa na Nijar da Cadi da Togo da Binin da waɗansu ƙasashe. Daga nan ne jakar nan mai zane-zane ta sami sunanta na "Gana mas go". A 1985, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, haifaffen Daura, aka sake ba baƙi wajen 700,000 wa'adi zuwa 10 ga Mayu. A cikin taro mai yawa haka ba wanda aka tsaya aka tambaya shekara nawa ya yi a nan, ko a ina aka haifi 'ya'yansa, ko wa ke riƙe da bashinsa.

Kada kuwa mu manta, mu ma an yi mana. A watan Nuwamba 1969 Gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi mako biyu su fita. Hausawa da Yarabawa da yawa waɗanda suka tsufa a zangon Kumasi da na Ankara suka sayar da kayansu da araha, suka komo ƙasar da waɗansunsu ba su taɓa gani ba. Wanda ya kori baƙo yau, gobe ɗansa ne baƙo a wani wuri. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙasar Daura ma ta san wannan a tarihinta. Labarin kafuwar sarautarta labarin baƙo ne, Bayajida, wanda ya iso da dare ya roƙi ruwa, ya je rijiyar Kusugu. Sarakunan Haɓe na Daura kuma, bayan jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni, sun yi kusan shekara 100 suna zaman hijira, har aka komo da Malam Musa daga Zango a farkon zamanin Turawa.

Abin da masu kora ke faɗi

Bari mu yi adalci ga ɗaya gefen, gama mai neman a saurari kowa bai kamata ya toshe kunnensa ba. Masu tsaron ƙasa suna cewa gida ba ya zama gida sai da ƙofa, ƙofa kuwa sai da mai tsaronta. Gaskiya ne. Mun ga ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a Katsina da Zamfara da Sakkwato, mun kuma san makamai suna ƙetare iyaka da dare. Suna cewa shari'a tana da tsawo da tsada, ƙasa matalauciya ba ta iya ba kowane baƙo alƙali. Suna kuma cewa maƙaryaci ya fi mai gaskiya iya tsara labari, saboda haka kotu za ta zama mafakar mayaudara.

Ba mu musun ikon Gwamnati na fitar da wanda bai cancanci zama ba. Sauraro dabam, izinin zama dabam. Alƙali ya kan ji mutum sarai, ya auna, ya ce masa, "Tafi." In ya faɗi haka bisa ga doka, ya wajaba mu karɓa ko da zuciyarmu ba ta so. Abin da mu ke cewa shi ne kada mai kama mutum ya zama shi ne mai ƙararsa, shi ne kuma mai yanke masa hukunci. Ko a gaban dagaci, in an yi rikicin iyakar gona, ba a barin mai ƙara ya yanke wa kansa.

Game da maƙaryaci kuwa, mu auna kuskure biyu da alƙali zai iya yi. Na fari, ya bar wanda ya kamata a kora. Wannan kuskure yana gyaruwa, gama mutumin yana nan, gobe a iya sake kiransa. Na biyu, ya mai da mutum wurin da za a kashe shi. Wannan ba ya gyaruwa har abada. Mai hankali, in ya san zai iya kuskure, ya kan fi tsoron wanda ba shi da magani.

Dokar da al'ummai suka ɗaura wa kansu

A kan wannan tunani ne aka kafa dokar mafaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1951, ƙasashe suka yi yarjejeniya a Janiba cewa ba za a mai da ɗan gudun hijira wurin da ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari ba saboda kabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, da makamantansu. A 1969 ƙasashen Afirka suka taru a Adis Ababa suka faɗaɗa ta, har ta haɗa da wanda yaƙi ko babban hargitsi ya kora. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 kuma ta haramta korar baƙi jimla guda, ta ce baƙon da ya shigo bisa ga ƙa'ida ba a fitar da shi sai da hukuncin da ya bi doka. Sa'ad da Zambiya ta kori mutanen Afirka ta Yamma 517 a 1992, hukumar da ke lura da yarjejeniyar ta same ta da laifi, domin ba ta ba su zarafin zuwa kotu ba.

Manyan ƙasashe ma ba su wuce wannan gwaji ba. Gwamnatin Ingila ta shirya ta riƙa aika masu neman mafaka zuwa Ruwanda. A watan Nuwamba 2023 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin ƙasar suka ce baki ɗaya shirin ya saɓa wa doka, domin akwai haɗarin daga can a mai da mutane hannun waɗanda suka gudo daga gare su. A Amurka kuwa akwai kotuna musamman domin shari'ar baƙi, amma Gwamnati ba ta biya wa baƙo lauya, saboda haka da yawa su kan tsaya gaban alƙali su kaɗai, cikin harshen da ba su ji. Wannan ya koya mana cewa kafa kotu bai isa ba, sai mutum ya fahimci abin da a ke tuhumarsa da shi, ya kuma sami mai taimakonsa ya amsa.

Kada mu zaci dokar mafaka domin waɗansu can nesa aka yi ta. A 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga, suka shiga jihar Maraɗi, mutanen Nijar kuwa suka karɓe su. Da an tsai da su a iyaka an ce sai mai takarda, da kaburbura sun ƙaru.

Mu da mu ke karatun Littafi Mai Tsarki ba baƙin wannan al'amari ba ne. A Littafin Lissafi sura 35 da Joshuwa sura 20 an keɓe birane shida na mafaka domin wanda ya kashe mutum ba da gangan ba. Mai gudu ya kan tsaya a ƙofar birni ya faɗa wa dattawa maganarsa, su karɓe shi, kada mai ramuwa ya taɓa shi sai taron jama'a ya yi shari'a. In an iske da gangan ya yi kisan, birnin ba ya ɓoye shi. Amma ba a kashe kowa bisa ga shaidar mutum ɗaya. Ku duba yadda aka jera abin: mafaka tukuna, sa'an nan sauraro, daga bisani hukunci. Wanda ya juya jerin nan ya ɓata adalci ko da hukuncinsa ya dace da gaskiya.

Namu aikin

Kaɗan ne daga cikinmu za su zama alƙalai, amma kowannenmu zai iya zama shaida. Ga abin da ke hannunmu, 'yan'uwa.

Mu yi wa 'ya'yanmu rajistar haihuwa, mu adana takardun, mu kuma taimaki maƙwabcin da bai iya karatu ba ya yi wa nasa. Dattawa da yawa a ƙauyukan bakin iyaka ba su da wata takarda sai sanin mai unguwa da na tsofaffin gari, tsofaffi kuwa suna ƙarewa.

In an kira mu shaida a kan asalin wani, mu faɗi abin da muka sani, kada mu ƙara domin tausayi, kada mu rage domin tsoro. Shaidar zur domin a ceci baƙo ita ke sa a ƙi gaskata mai gaskiya da zai zo bayansa.

Kada mu mai da kalmar nan "baƙo" makami. Sau da yawa wanda ya kai rahoton cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne, ba tsaron ƙasa ya dame shi ba. Rumfar kasuwa ce, ko gona, ko kujerar siyasa.

In kuwa mun ji an kama wani za a fitar da shi, ko Musulmi ne ko Kirista, ko Bahaushe ko Buzu ko Bafilatani, mu yi tambaya ɗaya cikin ladabi, mu kuma nace a kanta: an ji ta bakinsa? Wanda ya yi wa maƙwabcinsa wannan tambaya yau, ya tanada wa kansa mai yi masa ita ran da shi ma zai tsaya a wata iyaka ba wanda ya san shi.