Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse Har Ya Sha Romonsa

Cikin dukan kirarin da Hausawa suka yi wa haƙuri, da wuya a sami wanda ya kai wannan ƙarfin hali, domin ya ɗauki abin da kowa ya sani mustahili ne, wato dahuwar dutse, ya ce mai haƙuri zai yi shi har ya sha romo. Galibi ana faɗarsa ne don a lallashi wanda aka hana abu ya yi shiru, alhali kuwa mai duba da idon basira zai ga mutumin da ake zance ba naɗe hannu ya yi ba, yana bakin murhu ne, yana iza wuta, yana ƙara ruwa in ya tsotse, maƙwabta kuma suna wucewa suna yi masa kallon mai taɓin hankali.

Haka al'amarin mai bin Almasihu yake sa'ad da addu'arsa ta daɗe ba amsa, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aikin da ya yi imani Ubangiji ne ya sa shi ya tsaya cik, har zuwa sujada ta zame masa nauyi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye tsawon irin wannan jira ba, gama Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, bai rungumi Ishaku ba sai da ya cika 100. Amma labarin da ya fi tsorata ni shi ne na Sarki Saul a Gilgal, wanda Annabi Sama'ila ya umurta ya jira kwana 7. Da ya ga Filistiyawa sun yi sansani a Mikmash, jama'arsa kuma tana watsewa, sai ya miƙa hadaya da hannunsa, yana gamawa sai ga Sama'ila, a nan aka shaida masa mulkinsa ba zai ɗore ba. Saul yana da hujja, hujja mai ƙarfi ma, kuma lalle gaggawa ba ta cika zuwa wa mai bi ba sai da hujja a hannunta.

A ƙasarmu ma an dafa irin wannan dutse. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa daga baya ya koma Kanada da zazzaɓi a jikinsa, ba shi da abin da zai kai wa mahaifiyar Gowans sai 'yan kayan ɗanta. Ya sake ɗaura aniya a 1900, ciwo ya sake mayar da shi gida, abokan tafiyarsa su ma suka juya. Sai a 1902 aka sami kafa tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nufe, daga nan kuma aikin ya yi ta bunƙasa har ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954, shekara 12 bayan rasuwar Bingham kansa.

To, a nan ne nake ganin karin maganar ta gaza kaɗan, ko da yake ba laifinta ba ne, tun da hikimar zaman duniya aka gina ta a kai. Ta yi wa mai dahuwa alkawarin shi zai sha romon, amma Gowans da Kent ba su ko ji ƙanshinsa ba, kuma sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa ta lissafa bayin Allah da suka mutu cikin bangaskiya tun abin da aka alkawarta musu yana nesa. Tawakkalin Kirista ya zarce lissafin kwanakinsa, domin ya dogara ne ga amincin Mai alkawarin, wanda ba a yanka masa wa'adi.

Saboda haka ban yarda da masu wa'azin da suke tsayar wa Allah rana ba, su ce wa mai neman haihuwa ko mai neman aiki kafin wata ya mutu za ta samu, in kuma watan ya shuɗe su ce bangaskiyarta ce ta yi ƙaranci. Wannan ɗora wa mai rauni kaya biyu ne, na jira da na zargin kai. Abin da ya wajaba a kan 'yan'uwa cikin ikilisiya shi ne su ziyarce ta, su yi addu'a tare da ita ran da bakinta ya yi nauyi, su kai mata hatsi in babu, kada kuma su riƙa tambayarta kowace Lahadi ko an dace.